Abibata Mai Tuwo da Jinin da Ya Tsinke

Duk wanda ya taɓa cin tuwon zafi a gefen babban lambatun da ya raba unguwannin Nima da Maamobi ya san Mma Abibata, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar nan mai kaurin damtse da ke zaune tsakanin tukwane, ludayi a hannu, tana yi wa direbobin trotro, motocin haya, faɗa kamar ita ta haife su. Tun tana budurwa take wannan wuri. An sake kwanon rumfar, an sake bencina, amma ba a sake miyar ba. Ayoyo ce, miyar ganye mai yauƙi, wadda in ta ɗaga ludayi sai ta biyo shi har sama, sai an datse ta da bakin kwano.

Abibata tana yafe abubuwa da yawa. Tana yafe wa mai zaginta, tana yafe wa mai taka mata tabarmar salla. Abin da ba ta yafewa shi ne abu ya tsinke. Tsinkakkiyar miya a wurinta rashin kunya ce, tsinkakken koko kuma cin amana. Har mutane da wannan ma'auni take auna su. In ta ce maka wane tsinkakke ne, to ta gama da shi, kada ka ƙara kawo mata zancensa. Gara a san wannan tun da wuri, domin a kan kalmar nan guda abin da ya same ta ya same ta.

A gidan haya mai ɗakuna barkatai aka haife ta, cikin lungun da mutum biyu ba sa wucewa tare sai ɗaya ya karkace. Uwarsu ta rasu ƙanenta Issaka yana rarrafe, don haka a bayan Abibata ya yi wayo. Ta yi aure, auren bai zo da haihuwa ba, mijin kuma Allah ya karɓi abinsa, ta dawo ɗakin uwarta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Issaka shi ne ɗanta, shi ne ƙanenta, shi ne wanda take sauke wa masifa in kasuwa ta ƙi. Ba ta taɓa ce masa tana sonsa ba, bakinta bai iya wannan ba. "Ka ci?" take cewa, in ya ce ya ci, ta ce ya ƙara.

Yana yaro yakan yi fama da ciwon maƙogwaro, wata shekara kuma zazzaɓi ya kama shi har gwiwoyinsa suka kumbura. Ta dafa citta da kanumfari, ta gasa masa gwiwoyin da ruwan zafi, ya tashi ya koma ƙwallo, kowa ya manta. Ya girma ya zama mai aski, ya kafa ɗan shagon katako a bakin babban titi. Mutum ne mai sanyin hannu da sanyin magana, wanda aurensa kullum sai bayan Salla. Sai da ya haura talatin numfashi ya fara gagararsa. Ya daina iya kwanciya miƙe, sai dai ya jingina da bango. Ƙafafunsa suka cika har silifa ta daina shiga.

A babban asibiti aka haɗa su da wata likita siririya mai tabarau, wadda Abibata ta kalla sau ɗaya ta yanke hukuncin ba ta cin abinci. Likitar ta ɗauko zuciyar roba daga kan teburinta, ta ɓare ta biyu, ta shiga bayani da Turanci tana haɗawa da Twi. Abibata tana jin Twi na kasuwa, na ciniki da zagi, amma ba ta jin na cikin ƙirji, sai Issaka ya riƙa juya mata.

Zuciya, in ji likitar, gida ce mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya zagaya jiki ya gaji, ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu yana karɓo shi daga huhu ya harba shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Tsakanin ɗakunan da kuma a mafitarsu akwai ƙofofi, kowacce gefe ɗaya take buɗewa, jini ya wuce ta rufe a bayansa don kada ya dawo. Rufewar nan ita ce bugun da ake ji in an kara kunne a ƙirji. Ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagun Issaka ce ta lalace. Zazzaɓin nan na yarinta ne ya ci ta a hankali har ta ƙage, ba ta buɗewa sosai, ba ta rufewa sosai, jini yana taruwa a baya yana cika huhu.

Wannan bai yi wa Abibata wuyar ganewa ba. Kullum safiya Imoro mahauci yana kawo mata kayan ciki, kuma ta tsaga zuciyar saniya ba adadi. Ta san ɗakunan, ta san 'yan fatun nan masu laushi da fararen zaruruwa ke riƙe da su. Ba ta dai taɓa tunanin ƙofofi ba ne. Ita yankewa take ta zubar, don ba sa dahuwa da kyau.

Aka yi aikin. Aka tsaga ƙirjin Issaka, aka cire lalatacciyar ƙofar, aka dasa ta ƙarfe. Yadda Abibata ta yi waɗannan kwanaki a barandar asibiti, ita da Allah suka sani.

Ranar da za a sallame shi, likitar ta zaunar da su ta yi magana a hankali tana kallon Issaka cikin ido. Ta ce jini ba ya son baƙon abu, in ya ga ƙarfe so yake ya daskare a kansa. Saboda haka akwai ƙwayar magani da zai sha kullum har ƙarshen ransa don jinin ya riƙa wucewa ba ya kamawa, kuma zai riƙa zuwa ana auna jinin. Ta ce korayen ganye suna rage wa maganin ƙarfi. Ba ta hana shi ci ba, amma ya tsaya a kan gwargwadon da ya saba, kada ya ƙara, kada ya sha jiƙe-jiƙe. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce su yi shiru. Suka ji shi daga cikin rigar Issaka, ƙyas, ƙyas, ƙyas, tsaf kamar ana taɓa bakin kofi da cokali. Ta ce wannan ƙarar ita ce shaidar ƙofar tana aiki. Ranar da ya ji ta dusashe ko ta ɓace, kada ya tsaya neman takalmi, ya taho.

"Me ya ce?" in ji Abibata. Hausar Nima ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji, kowa "ya" ne, kowa "ka" ne.

"Ya ce in sha magani kullum."

"Maganin mene?"

Issaka ya ɗan laluba yana neman kalma. "Na tsinka jini."

Abibata ta kalli likitar, ta kalli ƙanenta da ya fito ɗakin tiyata fari fat kamar an wanke shi, ta haɗiye abin da ya zo bakinta. "Sai me?"

"Ya ce in ci abinci yadda na saba."

"Nan kam ya yi magana. Na ƙarshen fa, da ya ɗaga yatsa?"

"Ba komai. Ya ce ƙarar ba matsala."

Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, rabin maganar ya bari a kan teburin likita. Tun a gadon asibiti ya tsani ƙarar nan, kuma bai ga dalilin da zai sa yayarsa ta riƙa kasa kunne tana gadinta ba.

Numfashi ya dawo, ƙafafu suka sace, Issaka ya koma shago. Sai dai mai aski a kan mutum yake tsayawa, kunnen wanda ake yi wa aski daidai ƙirjinsa yake. Mutum yana zaune aska a wuyansa, sai ya ji ƙyas, ƙyas a gefen kansa. Wasu suka yi dariya suka sa masa suna Agogo. Wani dattijo ya tambaye shi da gaske ko abin da batir yake aiki, kuma in an ɗauke wuta yaya ke nan. Wasu kuwa suka koma shagon da ke gaba. A masallaci abin ya fi ciwo, musamman azahar da la'asar da liman ba ya ɗaga murya. Sahu ya yi tsit, sai a ji ƙirjin Issaka shi kaɗai, na gefensa su riƙa satar kallon tsintsiyar hannunsa. Ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma. Abibata tana ganin duk wannan, yana kuma cin ranta, domin wanda ya taɓa Issaka ita ya taɓa.

Wata rana da rana tsaka ta kai masa tuwo shago, ta tarar aska ta ɗan shafi babban yatsansa. Yanka ne da bai kai a kira shi yanka ba. Amma jinin ya ƙi tsayawa. Ya jiƙa auduga, ya jiƙa tawul, yana ɗiga a ƙasa, mutumin da aka yi wa rabin aski ya tashi ya tsaya a ƙofa. Abibata ta dangwali ɗigon ta murza tsakanin yatsu biyu yadda take gwada miya. Babu kauri, babu danƙo.

"Wannan ba jini ba ne," in ji ta. "Zoɓo ne."

Da yamma ta kai maganar wurin Fatu maƙwabciyar ɗakinta, wadda ta cika tsakar gida da 'ya'ya, ta kuma san abin da ake ba mai jego. Fatu ta riƙe haɓa. "Mutum an yanka shi kamar rago, jini ya zuba paa, sai kuma a ba shi abin da zai tsinka sauran? Mma, ka tashi tsaye." Ba mugunta a zancen Fatu ko ƙwayar zarra, abin da uwarta ta ba ta ta warke shi ta faɗa. Akwai 'yan ƙananan gautan nan masu ɗaci da ake kira abeduru, akwai kontomire, wato ganyen gwaza, akwai zogale. A daka, a tace, a sha safe da yamma. Duk macen Zongo ta san wannan ke ƙara jini.

Abibata ta tashi tsaye kuwa, ita da ma ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Kafin ta ɗora tukunyar kasuwa sai ta daka na Issaka, kore shar, ta tsaya a kansa har ya shanye. Ayoyonsa ta ninka. Sannan ta juya kan ƙwayar.

"Likita ya ce guda," in ji Issaka.

"Likita ya ga abin da na gani a tawul? Dubi jikinsa ma. Mutumin da bai iya ƙara wa kansa jini ba."

"Yaya, ka bari mana."

"Ni ban ce ka daina ba. Rabi na ce. Ko gishiri in ya yi yawa ai ragewa ake."

Ta sa wuƙar albasa ta raba ƙwayar biyu a kan murfin tukunya. Issaka bai taɓa cin gardama da ita ba tun yana goye, ba kuma yanzu zai fara ba. Ban da haka shi ma ya gaji da tsoron askarsa. Ya karɓi rabin ya kora da ruwa.

Abin haushin shi ne, da farko komai ya nuna ita ke da gaskiya. Kumatunsa suka ciko, don mutum ba ya cin abin da Abibata ke ɗura masa ya zauna yadda yake. Lokacin awon jini ya zo ya ce shago ya cika, ya sake zagayowa ya ce ai lafiyarsa ƙalau. Gaskiyar ita ce ya san awon zai tona su. Da aska ta sake shafarsa, jinin ya ɗan ɓullo baƙi-baƙi ya tsaya nan take. Abibata ta kama yatsan ta zagaya da shi tsakar gida tana nuna wa mata, shi kuma yana biye da ita kamar ɗan yaye.

Bayan wasu watanni ƙarar ta fara sauka. Da farko ta daina kaiwa ƙofar ɗaki. Daga nan sai mutum ya matso sosai yake jin ta, kuma ba ƙyas ba ce kamar da, wani ɗan dum ne kamar an naɗe cokalin da tsumma. Fatu ta saurara ta gyaɗa kai ta ce nama ne ya rufe ƙarfen, jiki ya karɓe shi. Maganar ta zauna wa kowa daram. Masu zuwa aski suka fara dawowa, sunan Agogo ya fara sakin sa. Wata la'asar ya tsaya a sahun gaba har aka sallame ba wanda ya waiwayo, ya dawo gida yana murmushi, Abibata ta shiga ɗaki ta yi kukan daɗi inda ba mai ganinta.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta yi sadaka. Ta tuƙa tuwo a babbar tukunya ta raba kyauta bayan an sauko masallaci, duk wanda ya tambaya ta ce masa ƙanenta ne Allah ya cika wa lafiya, har ƙarar ta tafi. Mutane suka ci suka sa albarka. Issaka yana zaune a benci ana miƙo masa hannu, yana cewa alhamdu lillahi yana kallon ƙasa. Shi kaɗai a wurin ya san abin da likita ta ce game da ranar da ƙarar za ta tafi. Ya ga yayarsa tana dariya har da riƙe ciki, ya ce wa kansa sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Ya nemi ƙarin matashin kai, ta ba shi nata. Ta lura yana tsayawa a tsakiyar lungu yana duba waya, alhali wayar ba ta yi ƙara ba. Wani busasshen tari ya kama shi. Ya fara rage tuwo, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. Abin ya ɗan dame ta, amma ta san magani ɗaya ne tak, sai ta ƙara hannu a turmi.

Wata safiya Imoro ya kawo kayan ciki a daro kamar kullum, ya tsaya yana jiran ta duba. Ta wanke tumbi, ta ware hanta, ta ɗauko zuciyar ta tsaga. A cikin ɗakin hagu, daidai ƙarƙashin 'yar fatar nan mai fararen zaruruwa, akwai gudan jini baƙi ƙirin, mai santsi kamar hanta, ya cusa kansa tsakanin zaruruwan. Ta sha ganin irinsa, ruwa take sawa ta wanke ba ta ko kallo. Ran nan ta sa yatsa ta ja, ya ƙi fita. Ta taɓa fatar don ta ɗaga, fatar ta ƙi motsi, gudan ya riƙe ta gam.

"Haka yake," in ji Imoro, ganin ta tsura wa naman ido. "Jini in ya yi kauri, nan yake son kamawa. Ka sa wuƙa kawai."

"Nan ina?"

"Nan mana, bakin ƙofa. Ba kai ka ce min ƙofa ne ba?"

Ita ta faɗa masa kuwa, tun ranar da ta dawo daga ganin zuciyar roba. Ta tsaya da naman a hannu. Ƙofa in ta rufe sai ta yi ƙara. Ƙofar da ba ta ƙara, ko dai an cire ta, ko kuma wani abu ya riƙe ta. Ta tuna yatsan likita a sama, da fuskar likitar, wadda ba ta yi kama da ta mai cewa ba komai ba. Zuciyar Abibata ta tsinke.

Ta bar wuta tana ci, ta bar Imoro da daronsa. Shagon aski a rufe yake. Ta shiga lungu tana ture mutane, hannunta duk jini, ta banka ƙofar ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado ya kifa ƙirji a bayan kujera, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, leɓɓansa sun yi duhu. Ta durƙusa ta yaye rigarsa ta manna kunne a kan tabon ɗinkin. Ta ji wani gurnani kamar ruwa yana neman hanya a toshasshen famfo, ta ji bugu can ƙasa, amma abin da take nema ba ta ji ba.

"Issaka. Ranar nan da likita ya ɗaga yatsa, me ya ce?"

Sai da ya ja numfashi ya tara kafin ya amsa. "Ya ce in ƙarar ya tafi, in zo da gudu."

"Ka sani, ka bar ni na yi sadaka?"

"Yaya, kana murna." Ya sake jan numfashi. "Ni ma ina murna."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Maza biyu suka tallafo shi har bakin titi aka tsare tasi. Titin Nima a irin wannan lokaci ba ya sauri don kowa. Trotro sun cushe, masu talla suna leƙo tagogi da ruwan leda, direban yana danna oda yana kutsawa ta wajen unguwar Kanda. Abibata tana baya, kunnenta a ƙirjin ƙanenta, tana roƙon Allah ya dawo mata da ƙarar da ta yi ta roƙon ya ɗauke.

Likitar nan siririya ce dai suka tarar. Wannan karon akwai wata nas 'yar Maamobi mai suna Shifa, ita ta tsaya a tsakani, ba ta kuma bar rabin magana a kan tebur ba. Likitar ta tambayi tun yaushe ƙarar ta canza. Abibata ta ce tun kafin sadaka. Ta faɗi na turmi, ta faɗi na wuƙar albasa, ba ta rage komai ba. Likitar ta cire tabarau ta murza idanu, ba ta ce uffan a kai ba. Da ta yi zagi da Abibata ta fi samun sauƙi.

Hoto ya nuna abin da Abibata ta riga ta gani a daron Imoro. Gudan jini ya zauna a kan ƙofar ya riƙe ta, jini da ƙyar yake ratsawa. Shifa ta ce jikinsa ba zai ɗauki wuƙa a halin da yake ciki ba, za a sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya ya narkar da gudan. Sai dai abin da ke narkewa yakan ɓalle, kuma in wani ɓarɓashi ya ɓalle, jini zai tafi da shi.

"Ya tafi da shi ina?" in ji Abibata, ko da yake ta tuna. Hagu ko'ina yake harba jini.

Shifa ta taɓa gefen kanta da yatsa.

Maganin ya yi aiki. Washegari da hantsi aka bar Abibata ta shiga, tun daga bakin labule ta ji shi, ƙyas, ƙyas, ƙyas, tsaf kamar ranar farko. Ta matsa bakin gado ta ce, "Issaka, ka ci?" Ya juyo ya dube ta. Gefe ɗaya na bakinsa ya motsa, ɗayan ya tsaya. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta miƙe, ba abin da ya fito. Hannunsa na dama, hannun askar, yana kwance a kan zanen gado, ta ɗaga shi ta saki ya faɗi.

Har yau Mma Abibata tana nan gefen lambatu tsakanin tukwanenta. Ta rage faɗa, direbobi ma suna cewa tsufa ne. An sayar da katakon shagon aski. Issaka yana zaune a wata kujera mai hannu a bayanta, inda hayaƙi ba ya kaiwa, ya koyi cin tuwo da hagu, ya koyi tafiya da sanda. Kalma biyu ko uku sun dawo masa, sunanta ba ya ciki. Ƙwayar ita ke ba shi da hannunta, guda cif. Ayoyonsa ludayi ɗaya ne kullum, ba ƙari ba ragi, ranar awon jini kuma rumfar a rufe take ko da Salla ce. Ita da Fatu suna gaisawa yadda suka saba, amma turmin nan Abibata ta kyautar da shi. Ba wanda ya ƙara jin ta ce wa wani abu tsinkakke, ko da kuwa kokon ya zama ruwa.

Bayan azahar, in kasuwa ta lafa, bencina suka yi sarari, akan ji ƙyas ɗin ƙirjin Issaka ta ƙarƙashin ƙarar motoci. Kwanan baya wani baƙo da ya sauka daga motar doya ta kasuwar Agbogbloshie ya tsaya da loma a hannu yana waige-waige.

"Mma, agogo ne ke ƙara haka?"

Abibata ta dakata da ludayi a sama, miya tana zarara, sai da ta ji ƙyas na gaba ta sauke.

"Ƙanena ne," in ji ta. "Ci tuwonka."